Faifan da ya ƙi saiduwa a Detroit ya cika gidaje a Cape Town: yadda aka nemo Cold Fact da mai shi

Asalin lamarin

Maganar kan faifai ɗaya ce na kiɗan rok, waƙoƙi 12 ne a ciki, in ka kunna shi daga farko har ƙarshe minti talatin da 'yan kai ne ya ƙare. Sunansa Cold Fact, mawaƙin kuma Rodriguez kawai aka rubuta a bango, ba sunan farko ba komai. Matsalar da ta same shi iri biyu ce a haɗe. A gida Amurka faifan bai saidu ba ko kaɗan, a Afirka ta Kudu kuma ya saidu kamar me, amma mai shi bai ji labari ba bai kuma ga ko sisi ba, daga 1970 har 1997, shekara 27 ke nan, masu sauraron nasa ma a can sun riga sun yi masa ta'aziyya don a saninsu ya daɗe da mutuwa.

Mutumin, sunansa Sixto Rodriguez, ɗan Detroit ne a jihar Michigan, an haife shi 10 ga Yuli 1942, ɗa na shida a gidan wani ɗan ci-rani daga Meziko da ya zo aikin masana'anta. Detroit a lokacin garin ƙera motoci ne, kuma garin Motown, kamfanin da ke fitar da waƙoƙin soyayya da rawa na baƙaƙen fata suna cinye kasuwa. Shi kuwa ba wannan layin ya bi ba, jita yake kaɗawa yana waƙar talaucin birni da ƙwaya da 'yan siyasa da zaman maza da mata, shi ya sa daga baya ake yawan haɗa shi da Bob Dylan. A 1967 wani ƙaramin kamfani mai suna Impact ya fitar masa da ɗan faifai, suka canza masa suna zuwa Rod Riguez wai don ya fi daɗin faɗa a bakin Bature. Bai je ko'ina ba. A shekarar ce ma, watan Yuli, aka yi tarzomar Detroit da ta ci mutum 43, garin da yake waƙa a kai ke nan.

1969 zuwa 1970: faifan ya fito

Wasu furodusoshi biyu, Mike Theodore da Dennis Coffey, suka je suka same shi yana wasa a wata mashaya da ake kira The Sewer kusa da kogin Detroit, wuri cike da hayaƙin taba, shi kuma ya juya wa jama'a baya yana fuskantar bango yana waƙarsa. Wannan juya bayan ba ranar kaɗai ya yi ba, ɗabi'arsa ce. Suka haɗa shi da Clarence Avant mai sabon kamfanin Sussex, aka shiga situdiyon Tera-Shirma a ƙarshen 1969, faifan ya fito a watan Maris 1970, kamfanin Buddah ke rarrabawa.

Ba aikin ƙananan yara aka yi ba fa. Coffey yana cikin masu kaɗa wa Motown jita, Bob Babbitt da ya riƙe bes, wato jita mai kaurin sauti, shi ma ɗan gidan ne, aka kuma ɗauko masu goge na babbar ƙungiyar kiɗa ta Detroit. In ka saurari waƙar farko, Sugar Man, za ka ji jita shiru-shiru da murya ta hanci, can tsakiya sai wasu ƙararraki su taso suna juyawa kamar kan mutum ne ke juyawa, da gangan aka yi don waƙar kan mai sayar da ƙwaya ce. Waƙar I Wonder kuma bes ɗin ne ke jan ta, irin wanda kana ji sau ɗaya ya zauna maka a kai.

Akwai wani ɗan abu a jikin faifan, wurin da ake rubuta wanda ya tsara kowace waƙa. Ba a sa cikakken sunan mawaƙin ba, sai aka sa Jesus Rodriguez, wanda sunan ɗan'uwansa ne, wasu kuma aka sa Sixth Prince. A lokacin ba wanda ya damu. A riƙe wannan dai, sai da ya ɓatar da masu nema a 1997, ya kuma kai mutane kotu a 2014.

Ciniki kuwa shiru kake ji. Rediyo ba ta ɗauka ba, jadawalin Billboard na faifan da suka fi saiduwa a Amurka bai shiga ba. Shekaru da yawa bayan nan da aka tambayi Avant kwafi nawa aka sayar a Amurka, cikin gatse ya ce shida.

1970 zuwa 1976: gwaji na biyu, sannan aka rufe shago

Kamfanin bai haƙura nan take ba. Abin da suka gwada shi ne canza wuri da canza hannu, aka kai shi Landan ƙarshen 1970, situdiyon Lansdowne, furodusa Steve Rowland, aka sa Chris Spedding a jita, aka ƙara goge da taushin kiɗa. Faifai na biyu, Coming from Reality, ya fito Nuwamba 1971. Shi ma dai kanwar ja ce. A Disambar shekarar Sussex ta sallame shi, mako biyu kafin Kirsimeti, abin mamaki kuma akwai waƙa a faifan da ta fara da maganar mutum ya rasa aikinsa mako biyu kafin Kirsimeti, an ɗauke ta tun kafin abin ya faru.

Kada a ce kamfanin ne bai iya sayar da kaya ba. A 1971 ɗin nan Sussex ta fitar da faifan farko na Bill Withers ya karɓu sosai, shi kansa Coffey ya yi kiɗan Scorpio a kamfanin ya sayar da sama da miliyan ɗaya. Sai dai a 1975 Sussex ta rushe, hukumar haraji ta ƙwace kayanta saboda bashin haraji. Daga nan babu ofis, babu lambar waya, babu wani ma'aikaci da aikinsa ne ya san inda mawaƙin yake.

Shi kuma ya koma aikin ƙarfi, rushe tsofaffin gine-gine, kwashe ɓaraguzai, gyaran gidaje, wani lokaci masana'anta. A 1976 ya sayi wani gida da ya lalace a gwanjon gwamnati kan dala 50, a nan ya ci gaba da zama sama da shekara arba'in. Ya yi digiri a fannin falsafa a Jami'ar Wayne State ya gama 1981, ya tsaya takarar magajin garin Detroit a 1981 da 1993, ta kansila a 1989, ko ɗaya bai ci ba. Ma'ana mutumin ba ɓuya ya yi ba, sunansa har a takardar zaɓe yana nan, kawai dai ba wanda ke nemansa a inda yake.

1977 zuwa 1981: Ostareliya ta fara ganowa

Wannan ɓangaren mutane da yawa ba su san shi ba. 'Yan kwafin da aka shigo da su Ostareliya sun faɗa hannun masu gabatar da shiri a rediyon Sydney, suka riƙa sa Sugar Man da daddare, kaya suka ƙare a shaguna, sai wani kamfani mai suna Blue Goose ya sayi izinin bugawa a ƙasar. Suka sake buga faifan biyu, a 1977 suka haɗa wani na zaɓaɓɓun waƙoƙi, At His Best, har da wasu uku da aka ɗauka bayan faifai na biyu ba su taɓa fitowa ba.

Su 'yan Ostareliya ba su sha wahalar nemo shi ba, masu shirya wasa suka bi ta hanyar kasuwanci suka same shi, ya je ya zagaya ƙasar a 1979, ya koma 1981 har ya hau dandali ɗaya da Midnight Oil, aka fitar da faifan wasan da ya yi kai tsaye. Daga nan ya dawo Detroit ya ɗauki gudumarsa. Babu kamfani a Amurka da ya ce tunda ya yi kasuwa a can bari mu sake gwadawa a nan, kuma labarin zuwansa Ostareliya bai tsallaka ya isa Afirka ta Kudu ba, duk da cewa At His Best ɗin da aka haɗa a Ostareliya ya shiga can ya saidu sosai.

Shekarun 1970 zuwa 1991: abin da ke faruwa a Afirka ta Kudu

Tun farkon shekarun 1970 kamfanonin ƙasar suka fara buga Cold Fact da lasisi, a 1976 suka fitar da na biyun da sabon suna, After the Fact, don ya hau bayan na farkon. Ban da na shago akwai na kaset da ake kwafa hannu da hannu, wanda ba mai iya ƙirga shi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kwafi rabin miliyan a ƙasar, ƙiyasi ne dai ba lissafin akanta ba.

Su wa ke saye? Yawanci matasan Turawan ƙasar ne, 'yan makaranta da 'yan jami'a da waɗanda aka kwasa aikin soja na dole ana tura su bakin iyaka. Ƙasa ce da gwamnatin wariyar launin fata ta toshe ko'ina, talabijin ma sai Janairun 1976 aka fara, ana tace littafi ana tace waƙa, to sai ga faifai yana maganar jima'i da ƙwaya da raina hukuma a fili, yaro ɗan shekara sha bakwai ya ji abin da ba a faɗa a gidansu ko a coci. Wasu mawaƙan Afrikaans da suka yi wa gwamnati tawaye da kiɗa a ƙarshen shekarun 1980, tafiyar da ake kira Voëlvry, sun ce daga nan suka fara jin ana iya yin haka.

Gidan rediyon gwamnati, SABC, ya hana sa Sugar Man, kuma yadda suke hanawa ba takarda kawai ba ce. A ɗakin ajiyar faifansu sai a ɗauki abu mai tsini a karce layin waƙar a jikin faifan, ta yadda ko mai gabatar da shiri ya yi taurin kai ya ɗora allura ba abin da zai fito sai ƙara. Kwafin da aka karce yana nan a ajiye, an nuna shi a fim daga baya.

Game da mawaƙin kuwa ba su da komai sai hoton bango, mutum zaune ya harɗe ƙafa da hula da baƙin tabarau. Ba hira a jarida, ba ya zuwa wasa, daga 1980 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar, don haka rashin zuwansa bai ba kowa mamaki ba. Sai jita-jita ta cike gurbin. Wasu suka ce ya harbe kansa a kan dandali, wasu suka ce fetur ya zuba wa kansa ya kunna wuta a gaban jama'a, wasu suka ce ƙwaya ce ta kashe shi, wasu gidan yari. Kowa da nasa, abu ɗaya aka yarda da shi, wai ya mutu. A 1991 aka fitar da Cold Fact a sidi a ƙasar, ciniki ya sake tashi, har lokacin ba wanda ya ɗaga waya ya tambaya.

1996 zuwa 1997: neman kabari da ya ƙare da samun mai rai

Mutum biyu ne suka ɗauki abin da gaske. Na farko Stephen Segerman, wanda tun a soja abokansa ke kiransa Sugar saboda waƙar. Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne da ya gano cewa a Amurka ba a samun faifan a shago kuma ba wanda ya san mawaƙin, shi da ya taso yana ɗauka cewa mutumin sa'an Beatles ne a duniya. A 1996 da za a fitar da faifai na biyu a sidi, yana cikin waɗanda suka rubuta 'yar takardar da ke ciki, a nan ya jefa tambaya ko akwai mai son binciken ƙwaƙwaf da zai gano abin da ya sami mutumin nan. Na biyu, Craig Bartholomew Strydom, ɗan jarida, ya karanta takardar ya ce shi zai yi. A lura, ba mai rai suke nema ba, so suke su san yadda ya mutu.

Hanya ta farko da aka bi ita ce ta kuɗi, kuma a hankalce ita ce daidai: in ana sayar da faifai dole akwai inda ake aika kason mawaƙi. Strydom ya bi kamfanonin da suka buga faifan a Afirka ta Kudu ɗaya bayan ɗaya, aka riƙa nuna masa gaba, hanyar ta bi ta wani adireshi ta ƙare a kan sunan Sussex, kamfanin da ya mutu tun 1975. Nan ta tsaya cik.

Hanya ta biyu sunayen jikin faifai, ita ma ta ƙara rikita su ne, don ga Jesus ga Sixth Prince ga Rodriguez, ba a san ko mutum ɗaya ba ne ko uku. Garuruwan da ya ambata a waƙoƙi ma sun ja su wurare daban-daban, ga Landan inda aka yi faifai na biyu, ga Amsterdam, ba wanda ya kai ga komai.

Abin da ya buɗe ƙofa kalma ɗaya ce a waƙar Inner City Blues, inda ya ambaci wani wuri Dearborn. Strydom ya buɗe taswira ya ga Dearborn gari ne a jikin Detroit. Da ya san garin da zai nema sai ya koma kan sunayen furodusoshi da ke bangon faifan tun 1970, ya bi ta waya har ya sami Mike Theodore a watan Agusta 1997. Ya jero masa tambayoyi, can ya kawo babbar, wai ta yaya mawaƙin ya mutu. Theodore ya ce masa wace irin mutuwa, mutumin yana nan da ransa a Detroit.

A gefe guda kuma Segerman da wani abokin aikinsa sun buɗe shafi a intanet na neman mawaƙin, suka zana hotonsa a jikin kwalin madara, yadda Amurkawa ke yi in yaro ya ɓata. Intanet ɗin ma lokacin sabuwa ce. Cikin 'yan makonni da wayar Theodore babbar 'yar mawaƙin ta ci karo da shafin ta rubuta cewa mahaifinta ne, ta bar lamba. Segerman ya kira ta, a daren kuma wayar gidansa ta yi ƙara, ya ɗauka ya ji muryar da ya sani tun yana saurayi.

Maris 1998: Cape Town

Aka shirya masa wasa shida. Na farko 6 ga Maris 1998 a Bellville Velodrome da ke Cape Town, sannan Johannesburg da Durban. Ba shi da makaɗa nasa, ƙungiyar Big Sky ta ƙasar ce ta tsaya masa, su kuwa ba su buƙaci koyo ba don da waƙoƙin suka girma. Har ranar akwai masu cewa damfara ce, an samo wani mai kama da shi ne. Mai bes ya fara kaɗa I Wonder, jama'a suka tashi da ihu na mintuna, sai da makaɗan suka dakata aka bar mutane suka gama kafin ya iya buɗe baki. Yana da shekara 55 lokacin. An ɗauki wasan Johannesburg aka fitar da shi a faifai, an kuma yi fim ɗin tafiyar wanda SABC, gidan da ya karce faifansa, ya nuna daga baya.

Ya koma ƙasar a 2001 da 2005. Tsakanin tafiye-tafiyen kuma yana Detroit yana aikinsa na gini, abokan aikinsa in ya ce musu ya cika fili a Afirka sai su ɗauka zolaya ce. Rabin matsalar ke nan ta warware, masu saurare sun san yana raye shi ma ya san da su. Amurka kuwa har lokacin ba labari.

2001 zuwa 2009: komawa gida a hankali

A nan abin ya bi ta hannun masu tonon tsofaffin faifai. A 2001 mawaƙin rap Nas ya yanko guntun Sugar Man ya sa a wata waƙa cikin faifansa Stillmatic. A 2002 David Holmes, ɗan Belfast mai haɗa kiɗa, ya sa waƙar a wani faifan haɗe-haɗe da ya fitar. Ta nan Matt Sullivan mai ƙaramin kamfanin Light in the Attic a Seattle ya ji ta, kamfanin da sana'arsa ke nan, nemo faifan da aka manta a sake bugawa da izini. Ya ɗau shekaru yana bin Avant, wanda haƙƙin faifan ke hannunsa, kafin a daidaita. Cold Fact ya sake fitowa a Amurka a watan Agusta 2008, shekara 38 bayan fitowar farko, na biyun ya biyo baya a 2009. Jaridun kiɗa suka yaba, ya fara zagaya ƙananan wuraren wasa a Amurka da Turai. An samu ci gaba amma na masu bin irin wannan kiɗan ne kawai, mutumin titi bai san shi ba.

2012 zuwa 2013: fim

Wani ɗan Siwidin mai aikin talabijin, Malik Bendjelloul, yana yawon neman labari ya haɗu da Segerman a Cape Town a 2006, lokacin Segerman na da shagon tsofaffin faifai. Ya kwashe shekaru yana haɗa fim ɗin, kuɗi suka ƙare masa har wasu 'yan wurare da wayar iPhone ya ɗauka. Searching for Sugar Man ya fito a bikin Sundance a Janairun 2012 ya ci kyauta biyu, aka sake shi a sinimun Amurka a Yuli, a Agusta mawaƙin ya fito a shirin David Letterman, a Oktoba shirin 60 Minutes ya yi rahoto a kansa. A shekarar Cold Fact ya shiga Billboard 200 karon farko, shekara 42 da fitowarsa. Ranar 24 ga Fabrairu 2013 fim ɗin ya ci Oscar, shi bai ma je wurin ba, ya ce ranar masu fim ce. A 2013 ɗin ya yi wasa a manyan bukukuwan kiɗa na Coachella da Glastonbury, jami'arsa ta Wayne State ta ba shi digirin girmamawa. Faifan waƙoƙin fim ɗin kuma an rubuta ƙarara a bayansa cewa mawaƙin na samun kasonsa daga cinikin, wanda shi kansa ya nuna maka irin tambayar da masu kallo ke fita da ita daga sinima.

2014 zuwa 2023: maganar kuɗi

A 2014 wani kamfanin haƙƙin waƙa na Detroit, Gomba Music, ya kai kamfanin Avant kotun tarayya. Ƙorafinsu shi ne mawaƙin ya sa musu hannu a kwantiragi tun 1966 cewa duk waƙar da ya rubuta tasu ce, kuma wai don a kauce wa wannan ne aka sa sunan Jesus Rodriguez da Sixth Prince a jikin faifan. Ɓangaren Avant suka musanta, suka ma jawo mawaƙin cikin shari'ar. Duba dai, rigimar ta kamfani da kamfani ce kan wa ya mallaki waƙoƙin, ba ta kwafin da aka sayar a Afirka ta Kudu shekara ashirin da wani abu ba.

Kuɗin da ya samu na gaske daga wasanni ne bayan 2012, ana kuma yawan faɗin cewa rabar da mafi yawa ya yi ga 'ya'ya da abokai, gidan dala 50 ɗin bai bar shi ba. Idonsa ya yi rauni sosai saboda hawan jinin ido, sai an riƙo hannunsa ake kai shi gaban makirufo. Sabon faifan situdiyo kuwa bai sake fitarwa ba, biyun nan ne. Ya rasu 8 ga Agusta 2023 yana da shekara 81. Avant ya bi shi 13 ga watan, kwana biyar tsakani.

Hukunci

A ganina faɗuwar 1970 ba ta da wani sirri mai zurfi. Faifan ya faɗa tsakanin layi biyu ne, rediyon baƙaƙen fata na son abin rawa, rediyon rok na Turawa kuma ba ta saba karɓar kaya daga kamfani irin Sussex ba, ga mawaƙi mai juya wa jama'a baya wanda ba zai zagaya gari-gari yana tallata kansa ba. Gwajin Landan ya gyara abin da bai lalace ba, kiɗan ba shi ne matsalar ba, shi ya sa sakamakon bai canza ba.

Ɓatan shekara 27 ɗin kuma laifin tsarin lasisi ne. Kamfanin Afirka ta Kudu da kamfanin Amurka yake hulɗa ba da mawaƙi ba, in ya aika kuɗi ya gama nasa, ko wa ya karɓa ba ruwansa. Da Sussex ta rushe sai igiyar ta tsinke daga can sama, kaya na tafiya gaba ba abin da ke dawowa baya. Shi ya sa bin kuɗi ya ci tura, ana bin igiyar da ta riga ta tsinke ne. Ostareliya ta same shi cikin sauƙi a 1979 saboda mai shirya wasa jikin mutum yake buƙata a kan dandali, dole ya nemo shi, mai buga faifai kuwa tef kawai yake buƙata. A Afirka ta Kudu takunkumi ya hana a yi tunanin wasa, don haka ba wanda neman mawaƙin zai kawo wa riba, sai da masoya biyu suka yi shi kyauta. Kuma abin da ya yi musu aiki yana hannunsu tun ranar farko, sunan Theodore na bangon faifan shekara 27, ba a kira shi ba ne saboda kowa ya riga ya yarda mutumin ya mutu.

Fim ɗin shi ya kai faifan inda sake bugawar 2008 ba ta kai shi ba, wannan ba musu. Amma ya yi shiru kan Ostareliya gaba ɗaya, mai kallo zai fita yana ɗauka cewa daga 1971 zuwa 1998 mutumin bai taɓa tsayawa gaban taro ba, alhali ya yi har sau biyu. Mai fim ɗin ya kare kansa da cewa labarin 'yan Afirka ta Kudu yake bayarwa kuma su ba su sani ba a lokacin, uzuri ne mai ɗan ƙarfi amma ni bai gamsar da ni ba, jimla ɗaya ta isa a faɗa. Haka maganar cewa faifan ya yaƙi wariyar launin fata, an ɗan zuzuta ta, don a unguwannin baƙaƙen fata irin Soweto ba shi ake ji ba, abin da ya yi shi ne ya sa wasu 'ya'yan Turawa suka fara tambayar abin da aka koya musu, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne amma a faɗe shi daidai girmansa.

Shi kansa Cold Fact in an cire labarin gefe, ba duka 12 ɗin ne suka kai ba, biyun da ba shi ya rubuta ba ana jin bambancinsu, wasu ƙararrakin situdiyon ma sun tsufa. Amma Sugar Man da I Wonder da Crucify Your Mind za su zauna a kowane faifai na 1970 ba tare da kunya ba. Wanda zai fara saurare ya fara da bugun Light in the Attic na 2008, daga baya ya nemi At His Best saboda waƙoƙi ukun nan da ba sa cikin asalin faifan biyu.